Yadda na kai mahaifiyata tsibirin Bubon daga Damagaram

Ni haifaffen unguwar Birni ne a Damagaram, kuma aikin koyarwa nake yi a makarantar firamare tun ina saurayi har yanzu da furfura ta fara bayyana. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san babu abin da ya fi ruwa tsaya mana a rai, domin gari ne da ke zaune a kan duwatsu, kuma idan bazara ta yi nisa famfo kan ɗauke, mata su kwana a layi da jarkoki, 'yan ga-ruwa su ɗaga farashi. Ƙarancin ruwan ma yana cikin dalilan da ake ambata na ɗauke babban birnin Nijar daga Damagaram zuwa Yamai a shekarar 1926. A cikin wannan hali mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta yi rayuwarta baki ɗaya. Ruwan da aka wanke hatsi da shi na awaki ne, ruwan alwala na gindin dogon yaron da ke tsakar gida ne, kuma ban taɓa ganin ta zubar da ko cikin ludayi a banza ba. Ruwa mafi girma da ta taɓa gani shi ne tafkin Gidimuni, lokacin da ta je wani biki a can tana da ƙuruciya.

Kowace shekara nakan koya wa yara darasin kogin Isa, wanda a Najeriya ake kira Kwara: cewa yana tasowa daga tuddan ƙasar Gini, ya ratsa Mali, ya yi tafiyar kimanin kilomita 550 a cikin ƙasarmu, ya shafi iyakar Benin, sannan ya gangara Najeriya ya faɗa teku, bayan tafiyar da ta kusa kilomita 4,200. Wata rana da yamma ƙaramar 'yata tana bitar wannan darasi a tsakar gida, Inna tana zaune tana ɓarar gyaɗa tana sauraro, sai ta ɗago kai ta dube ni. Ba ta kiran sunana saboda ni ne ɗanta na fari, sai ta ce, "Malam, wai da gaske ne ruwan nan tafiya yake yi dare da rana, rani da damina, babu mai tare shi?" Na ce mata da gaske ne. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Ikon Allah. Da ma mutum ya gani da idonsa." Ba roƙo ta yi ba, kuma ba ta sake ta da maganar ba, amma ni tun daga wannan yammaci na ƙudura a raina cewa sai na kai ta, kuma ba ta tagar mota za ta hango shi daga kan gada ba, sai ta kwana a inda ruwa ya kewaye ta ta kowace fuska.

'Yan uwa da dama sun ba ni shawarar in jira sai na yi ritaya na karɓi haƙƙoƙina, wasu kuma suka ce yawon shaƙatawa ba na talaka ba ne. Na saurare su da ladabi, amma shekarun Inna da ciwon gwiwar da take fama da shi sun fi ƙarfin wannan shawara a wurina, sai na shiga adashi da abokan aikina, na roƙe su a ba ni kwasar watan Nuwamba na shekarar 2016.

Abu na farko shi ne zaɓen tsibiri. Na yi tunanin Lete, tsibirin nan na wajen Gaya wanda kotun duniya da ke Hag ta tabbatar wa Nijar a shari'arta da Benin a 2005, amma wuri ne na manoma da makiyaya, ba ni da kowa a can da zai karɓe mu. Na yi tunanin Ayoru, mai shahararriyar kasuwar Lahadi, sai dai yana da nisan kimanin kilomita 200 gaba da Yamai ta wajen iyakar Mali, kuma tun da rikicin arewacin Mali ya ɓarke a 2012 hankalin mutane bai kwanta da wannan yanki ba. Ƙara wa tsohuwa wannan tafiya a kan kusan kilomita 900 da ke tsakanin Damagaram da Yamai zalunci ne. Sai wani abokin aikina da ya taɓa koyarwa shekaru a yankin Karma ya kawo mini maganar Bubon, ƙauyen Zabarmawa da ke bakin kogi, kimanin kilomita 25 daga Yamai a kan hanyar Tilaberi, wanda ya yi suna wajen ginin tukwane da kasuwar Laraba, kuma akwai tsibiri daura da shi inda baƙi ke sauka su huta.

Wannan aboki nawa shi ya ba ni shawarar da duk tafiyar ta ginu a kanta. Da ya ga ina ta lissafin kuɗin mota da sa'o'in hanya, sai ya ce, "Malam, hanyar kwalta ba ta da wuya, kamfanoni sun riga sun tsara maka ita. Ka fara da mai fito, domin ɗan guntun ruwan nan na ƙarshe shi ne tafiyar, kuma shi ne babu tikiti, babu ofis, babu agogo." Ya ba ni lambar wani mai kwale-kwale da ya sani, dattijo daga zuriyar Sarkawa masunta, mai jin Hausa sosai duk da cewa harshensa na Zabarmanci ne. Da na kira shi, bai fara da maganar kuɗi ba. Tambayoyi ya jero mini: mu nawa ne, tsohuwar tana iya tsugunawa ko kuwa sai an ɗauke ta, yaran sun iya iyo, kayanmu na da yawa, a wane wata za mu zo. Da na gaya masa cewa babu ko ɗaya daga cikinmu da ya iya ruwa, sai ya ce to ba zai ɗauke mu a sawu ɗaya ba ko da jirgin zai ci mu, zai raba mu biyu, kaya kuma su biyo baya. Wannan magana ita ta sa na amince da shi tun ban gan shi ba, domin wanda ya ƙi lodi fiye da kima alhali a nan ribarsa take, ya san abin da yake yi.

Batun wata kuwa ya fi yadda na zata muhimmanci. Kogin Isa a wajen Yamai sau biyu yake cika a shekara. Akwai cikar damina, wajen Agusta da Satumba, lokacin da ruwan sama na yankin ke kwararowa ta ƙoramu da jar ƙasa, ruwa ya yi ja, ya zo da ƙarfi da gaggawa, irin wanda ya yi ɓarna mai yawa a Yamai a 2012. Akwai kuma cikar da ke zuwa daga Gini, ruwan daminar can wanda ke daɗewa a fadamun Mali kafin ya iso, sai ya kai ƙarshen cikarsa a wajen Disamba da Janairu, a hankali, ba tare da hauka ba. Daga nan sai ya dinga ja da baya har zuwa Mayu da Yuni, lokacin da yashi ke fitowa a tsakiyar kogi, har a 1985 ruwan ya tsaya cik a Yamai saboda fari. Babban hutun makaranta yana faɗawa ne a damina, lokacin jan ruwa da sauro da lalacewar hanyoyin ƙasa, saboda haka na bar shi. Hutun ƙarshen Disamba gajere ne, amma shi ya dace da mu: kogi a cike, kwale-kwale na iya matsowa har gaɓa ba sai tsohuwa ta taka laka ba, zafi ya sauka, sauro ya ragu. Abin da za mu yi fama da shi kawai shi ne sanyin hunturu da iskarsa, kuma mai fito ya gaya mini cewa iskar takan taso ne da hantsi ta ta da igiyar ruwa, don haka ko dai mu ƙetare da sassafe, ko mu bari sai bayan la'asar.

Daga wannan lokaci na ƙetarewa na dinga lissafi ina komowa baya har zuwa ƙofar gidanmu. Idan za mu ƙetare bayan la'asar ranar Talata, jajibirin kasuwa, to dole mu bar Yamai bayan azahar, dole kuma Inna ta samu hutu a Yamai kafin nan, wanda ke nufin mu bar Damagaram da zarar an ba da hutu. Na zaɓi Talata da gangan. Ranar Laraba motoci da jirage sun fi yawa kuma sun fi araha, amma ranar ce ake cika su da mutane da buhuna da dabbobi, ranar ce kuma kowane mai fito yake sauri domin ya yi sawu da yawa. Na fi son mu riga mu sauka a tsibiri, mu kalli hada-hadar daga can.

Manyan motocin safa na kamfanoni irin su Rimbo da sauransu sukan bar Damagaram tun kafin asuba, su yini a hanya, su shiga Yamai da dare. Matashi yana iya wannan zama, amma mai ciwon gwiwa ba za ta iya ba, saboda haka na yanke shawarar raba tafiyar gida biyu a Birnin Ƙonni, wanda yake kusan tsakiyar hanya, inda nake da aboki tun na makarantar horon malamai. Raba tafiya yana da nasa haɗari, domin motocin da ke wucewa ta Ƙonni sukan iso a cike, musamman a lokacin hutu, mutum yana iya kwana a tasha yana jiran kujera. Don haka na aika wa abokin nawa kuɗi tun da wuri ya yankar mana tikitin kashi na biyu. A nan gida kuma na je ofishin kamfani da kaina tun ana sauran kwanaki, na roƙi mai yankan tikiti ya ba Inna kujera ta gaba kusa da ƙofa, inda girgiza ba ta da yawa kuma za ta iya miƙe ƙafa, maiɗakina a gefenta. Na haɗa katin ɗan ƙasa na manya da takardun haihuwar yara a jaka ɗaya da ba ta rabuwa da jikina, domin akwai shingayen jami'an tsaro a mashigar manyan garuruwa. Kuɗin kuma na kasa su kashi-kashi, na tafiya daban, na shatar mota daban, na fito da masauki daban, sannan na damƙa wa maiɗakina kuɗin dawowa na ce ko ni na tambaye ta kada ta ba ni sai an zo yankan tikitin komawa. Na kuma nemi canji mai yawa, 'yan jika-jika da silalla, domin a ƙauye babbar takardar kuɗi wahala ce ga mai saye da mai sayarwa.

Akwai wani ƙaramin abu da mutane kan manta: yadda za a isa tasha da tsakar dare. A irin wannan lokaci ba a samun kabu-kabu a lungunan Birni, kuma ko an samu ba a ɗora tsohuwa a kan babur cikin duhu da sanyi. Tun da yamma na yi magana da wani maƙwabcinmu mai adaidaita sahu, na ba shi kafin alƙalami, ya zo ya ƙwanƙwasa ƙofa a kan lokaci.

Hawa motar shi ne jarrabawar farko. Matakalar tana da tsawo, Inna ta ɗora ƙafar dama ta kasa ɗago ta hagu, mutane na jira a baya cikin sanyi. Yaron motar bai yi mata tsawa ba, sai ya sauko ya kawo wani ɗan akwatin katako ya ajiye a ƙasa ya zama ƙarin mataki, ya miƙa mata hannu yana cewa, "Sannu Inna, a hankali, motar ba za ta tafi ta bar ki ba." Tun daga nan duk inda aka tsaya sai ya fito da akwatin tun kafin mu nema. Mun yi sallar asuba a bakin hanya wajen Takeita, gari ya waye mana kafin Tasawa, muka wuce Gazawa da Agye da Cadawa, muka shiga Maraɗi aka sauke wasu aka ɗauki wasu. Daga nan sai Gidan Rumji da Madawa, inda 'yan kilishi suka yanyame tagogi, sai Galmi da rumbunan albasarta, sai Malbaza da hayaƙin kamfanin siminti, muka isa Ƙonni rana ba ta yi sanyi ba. Ƙafafun Inna sun kumbura, matar abokina ta dafa ruwa ta gasa mata su, kuma a daren nan na tabbatar cewa ƙarin kuɗin da raba tafiyar ya jawo bai tafi a banza ba. Kashegari muka bi ta Dogon Dutsi da Doso da Birnin Gaure, yara suka manne da taga a wajen Kure suna neman raƙuman dawa ba su yi sa'a ba, muka shiga Yamai da sauran haske.

Kafin in bar tasha a Yamai, tun ba mu gaisa da ɗan baffana da ya zo tarbarmu da kyau ba, na karɓi kuɗin nan daga hannun maiɗakina na yanki tikitin komawa. Ƙarshen hutu lokaci ne da malamai da ɗalibai da ma'aikata ke komawa bakin aiki gaba ɗaya, kuma malamin da bai bayyana a aji ranar komawa ba ba shi da hujjar da zai ba darakta.

Daga Yamai zuwa Bubon akwai hanya uku. Ana iya shiga ƙananan motocin haya na ƙauye, waɗanda ba sa tashi sai sun cika kuma ba su da lokaci. Ana iya bin kogi da jirgi mai inji tun daga Yamai, abin sha'awa ne ƙwarai, amma tafiya ce ta sa'o'i ana hawan ruwa, kuma ban ga dacewar wadda ba ta taɓa shiga jirgi ba ta fara da wannan ba. Sai kuma shata, wadda ta fi tsada, ita na zaɓa. Ɗan baffana ya samo wani direban tasi da suke unguwa ɗaya a Bukoki, muka yi ciniki a gabansa a kan kaiwa da ɗaukowa, na biya rabi, muka ajiye rabi sai ya dawo da mu. Ba rashin yarda ba ne, tsari ne da ke kare mu duka biyu, kuma kasancewar maƙwabcin ɗan'uwana ne ya fi kowace takarda ƙarfi. Shi ɗan baffan nawa kuma ya aro mana rigunan ceto daga wani abokinsa. Na nace a kan wannan ne saboda abin da ya faru a watan Nuwamba na 2014, lokacin da dorina ta kifar da wani kwale-kwale a kusa da Libore, ƙasa da Yamai kaɗan, mutum 13 suka rasu, 12 daga cikinsu yara 'yan makaranta. Babu malamin makaranta a ƙasar nan da wannan labari bai girgiza ba, kuma ni da zan sa nawa 'ya'yan a ruwa ban iya kawar da shi daga raina ba.

Mun fita ta Gudel, muka bi kwalta, sannan muka sauka kan hanyar ƙasa da ke gangarawa cikin ƙauyen. Mota ta tsaya a inda hanya ta ƙare, na buɗe wa Inna ƙofa, ta dogara sandarta ta fito. Kogin yana gabanta, faɗinsa ya wuce duk abin da na iya zanawa a allo, yana tafiya da ƙullin kainuwa a bayansa. Ta daɗe a tsaye ba ta ce komai ba, daga baya ta tambaye ni ta wane gefe ya fito, na nuna mata, ta sake tambaya ina ya nufa, na nuna mata, sai ta fara salati a hankali.

Mai fito ya zo ya durƙusa ya gaishe ta, ya kira ta Inna kamar yadda muke kiranta. Jirginsa na katako ne, dogo, siriri, an toshe haɗin allunan da tsumma da kwalta. Ya jawo shi har gindinsa ya hau yashi, ya sa ɗansa ya shiga ruwa har gwiwa ya riƙe gefe, ya shimfiɗa tabarma a tsakiya ya ɗora wata 'yar kujera ta mata a kai. Ya ce mata ta cire takalmi, ta ba ni sandar, ta dafa kafaɗarsa, ta taka tsakiyar jirgi kada ta taka baki, kuma da zarar ta shiga ta zauna, kada ta miƙe ko me ta gani. Da ƙafarta ta farko ta shiga jirgin ya yi ɗan lilo, na ji yatsunta sun nutse a damtsena, amma ba ta ja da baya ba. Ta zauna, muka ɗaura mata rigar ceto a kan mayafinta, ta karanta addu'ar da Annabi Nuhu ya yi lokacin shiga jirgi, mai fito ya amsa da amin ya kafa gorarsa a ƙasa ya tura. Ni da ita muka yi sawun farko. Bai nufi tsibirin kai tsaye ba, sai da ya bi gaɓa ya haura sama da gora, sannan ya ajiye ta ya ɗauki filafili ya yanka ruwa a karkace, ya bar ƙarfin kogin ya gangaro da mu daidai mashigin da yake so. A tsakiyar ruwa Inna ta saki bakin jirgi da hannu ɗaya, ta tsoma yatsunta, ta bar su a ciki har muka kusa gaɓa.

A inda muka sauka babu mota babu babur, zirga-zirga ko dai a ƙafa ko a jirgi. Bukkoki ne aka tanada wa baƙi a ƙarƙashin itatuwa, kuma mun zo da gidajen sauro da barguna da ruwan sha na leda, domin na hana kowa shan ruwan kogi, na kuma hana yara wanka a gaɓa saboda tsargiya, wadda ake ɗauka a irin ruwan da ke kwance a bakin gaɓa inda dodon koɗi ke zama. Inna ta ce ita dai sai ta yi alwala da ruwan kogin nan, sai ɗan mai fito ya ɗebo mata cikin buta daga inda ruwa ke gudu. Ta yi alwalarta da rabin buta kamar yadda ta saba a gida, ta ajiye sauran domin isha'i.

Yawo a ƙafa a kan yashi ya fi ƙarfin gwiwarta, saboda haka muka yi yarjejeniya da mai fito a kan kuɗin yini maimakon kuɗin sawu, domin kada kowace fita ta zama sabon ciniki. Da sassafe kafin iska ta taso yakan zo ya ɗauke ta ya bi da ita gefen tsibirin a hankali, kusa da gaɓa inda gora ke taɓa ƙasa, ta ga lambunan albasa da kabewa da ake ban ruwa da masaki, ta ga fadamun shinkafa da ciyawar burgu da ake yanka wa shanu, ta ga masunta na zazzage karfasa da tarwaɗa daga koma. Abin da ya fi ba ta mamaki shi ne mai lambu da ke taku kaɗan ya ɗebo ruwa ya watsa ya koma ya sake ɗebowa, babu guga, babu igiya, babu layi. Yara kuwa dorina suke son gani. Na amince ne bisa sharuɗɗan mai fito, wanda ya ce daga nesa za a tsaya, ba a shiga tsakanin uwa da ɗanta, ba a tare mata hanyar zurfi, kuma yana tafiya yana buga filafili a jikin jirgi domin dabbar da ke ƙarƙashin ruwa ta san da zuwansa kada ta firgita. Sun hango kunnuwa da hanci a can nesa, suka ji gurnani, kuma da babban ɗana ya roƙi a ƙara matsawa, dattijon ya juya jirgi ba tare da ya amsa masa ba.

Ranar Laraba tun da hantsi kogin ya cika da jirage daga ƙauyukan sama da na ƙasa da na ƙetare, wasu da inji wasu da filafili, ɗauke da mata da buhuna da tumaki da itace, wasu ruwa ya kusa shafar bakinsu. Da na ga irin lodin da ake yi na gode wa Allah da bai sa muka zo a wannan rana ba. Mun bari sai da cunkoson safe ya lafa sannan muka ƙetara kasuwa, kuma a can Inna ta zauna a gaban matan da ke sayar da tukwane, ita ba Zabarmanci su ba Hausa sosai ba, tana ƙwanƙwasa kowane tulu da yatsa tana sauraron amonsa, har ta zaɓi nata. Ɗaukar tulu daga Bubon zuwa Damagaram wani aiki ne na daban: an cusa masa ciyawa a ciki, an naɗe shi da bargo, an sa shi a kwali, kuma a tasha na biya kuɗin kaya na roƙi masu lodi su ɗora shi a sama da buhuna.

Tun daren da za mu tashi na tabbatar wayata tana da caji, na kira direbanmu na tuna masa, na kira ɗan baffana shi ma ya tuna masa. Muka ƙetare da sassafe ruwa na kwance, wannan karon Inna ta shiga jirgi ba tare da ta dafa kowa ba sai bakin jirgin, kuma muka tarar da mota tana jira a inda ta ajiye mu. A dawowa mun yada zango a Maraɗi wurin 'yar uwar maiɗakina, muka iso gida da sauran lokacin da zan shirya darasi.

Watanni kaɗan bayan dawowarmu, a cikin 2017, aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu sassan jihar Tilaberi, Ayoru na cikinsu, daga baya aka faɗaɗa ta. A farkon 2020 aka hana hawa babur a yankuna da dama na jihar, a watan Agusta na shekarar aka kashe mutum 8 a dajin raƙuman dawa na Kure, sannan a Satumba kogi ya yi cikar da ba a taɓa auna irinta a Yamai ba, ya cinye gidaje da gonaki. Inna kuma Allah ya yi mata rasuwa tun ban kai shekarun ritaya ba, Allah ya jiƙanta ya sa Aljanna ce makomarta. Har ta bar duniya, duk baƙuwar da ta zo gidanmu sai ta ba ta labarin mai lambun da ke ban ruwa babu guga.

Abokan aiki sukan zo su tambaye ni yadda za su kai nasu iyalan, kuma nakan zauna in zayyana musu duk abin da na rubuta a nan, tun daga adashi har zuwa shatar mota. Sai dai yanzu nakan ce musu kafin su yanki tikiti ko ɗaya su fara tambayar mutanen wurin da hukumomin tsaro halin da hanyar Tilaberi take ciki a wannan makon, domin abin da ya yiwu a 2016 ba lalle ne ya yiwu a yau ba, kuma idan aka ce musu su dakata, to su dakata. Ni ma ban yanke zumunci da mai fito ba, mukan gaisa ta waya a lokacin salla. A gaisuwarmu ta baya-bayan nan ya gaya mini cewa baƙi masu zuwa hutu sun yi ƙaranci ƙwarai, ya miƙa wa ɗansa gora da filafili, kuma abin da gidan ke ci yanzu daga kamun kifi ne da fiton ranar Laraba.